Rabin Gemu da Mabuɗin Ruwa

Ku matso nan dukanku, ku kife wayoyin nan a ƙasa. Babba, zauna inda zan riƙa ganin fuskarka. Auta, in kika yi dariya kafin in kai ƙarshe, ke zan aika. Mutumin da kuka wuce a falo, kwance a doguwar kujera ya rufe fuska da tawul ɗina, ba baƙo ba ne, kuma ba ciwo yake yi ba. Kawunku ne, ƙanena ciki ɗaya. Ga yadda aka yi ya zo nan.

Kun san benen da yake haya. Ruwan gidan ba ya hawa da kansa. Akwai inji a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala, shi ke tura ruwa zuwa tankin da ke kan rufi. Ƙofar ɗakin ta ƙarfe ce, mabuɗinta ɗaya tak, kuma ƙa'idar 'yan hayar tun fil azal ita ce mutum ɗaya ke riƙe shi, ya kunna inji safe da yamma, ba ya miƙa wa kowa sai a gaban taronsu. Tsohon da ke riƙe da shi ya tashi ya koma wurin ɗansa, aka ba Kawu riƙon ƙwarya kafin taro ya zauna a tabbatar da shi ko a ba wani. Wanin kuwa Nas ce ta hawan sama, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo, wadda rabin gidan ke so.

Kawu tun yana yaro ba a taɓa damƙa masa ko igiyar akuya ba. Shekarunsa duk a shagon fenti ya yi su, yana gauraya kala yana koya wa masu saye abin da ba su tambaye shi ba. Mabuɗin nan kuwa ya shiga ransa, ya ƙudura ko ana ha-maza ha-mata sai an tabbatar masa da shi.

A daidai lokacin ne ciwon wasu littattafai ya kama shi. Guda huɗu ne a jere, ana kiransu Haramtaccen Ruwan Sama. Labarin wani zamani ne mai zuwa, bayan koguna sun ƙafe, da hukuma ta ce ruwan sama ma nata ne, duk wanda ya tara kwano in hadari ya taso an kama shi. A unguwar talakawa rijiya ɗaya ta rage, a hannun wani dattijo da ake kira Mai Mabuɗi, mai rabin gemu da doguwar riga ruwan toka, hannunsa na dama rine da shuɗi, alamar rantsuwar da ya yi cewa ba mai kwana da ƙishi yana raye. Kawu na karanta wannan, ya laluba aljihu ya taɓa mabuɗin ɗakin inji, ya ga ai shi aka rubuta.

Ya cinye na ɗaya, ya cinye na biyu, na uku har hawaye ya ɗiga masa a kan kanta. Na huɗu ya fi su kauri, rubutunsa ƙanana, yana buɗewa ya tarar marubucin ya shiga dogon bayani a kan bututu, barci ya ɗauke shi. A makon ne ƙafar firjin gidansa ta karye, firjin ya karkace. Kawu ya dubi ramin, ya dubi kaurin littafin, ya tura shi ƙarƙashi, firji ya zauna daram. Amma duk inda ya zauna cewa yake, "Duka huɗun a kaina suke. Ka tashe ni daga barci ka tambaye ni, in ba ka."

Sai ga labari an mai da littattafan fim, an haɗe huɗun wuri ɗaya, za a fara nunawa a babban silima ranar Asabar, ana jibi taron 'yan haya. Kawu ya ji kamar shi aka yi wa bushara da ɗa namiji. A daren ya zayyana wa matarsa shirinsa. Zai yi shigar Mai Mabuɗi sak, ya kwashi maƙwabta gaba ɗaya ya kai su kallo, su gani da idonsu irin mutumin da ya dace da mabuɗi, su waiwaya su gan shi zaune kusa da su. Daga nan taro ya zama shan shayi kawai.

Matarsa ta ce, "Baban yara, na ƙarƙashin firjin fa, ka gama shi?"

"Wa ya ce miki guda ɗaya gare ni? A shago na karanta."

"To."

"Mece ce kuma 'to'?"

"To ce kawai," in ji ta, ta ci gaba da ninke kaya.

Ya fara da gaisuwa. Ya sanar a matakala cewa daga yau in an haɗu a ce "Ruwa ya ishe ka," a amsa "Ya ishe mu duka," kamar yadda mutanen littafin ke yi. Tela na hawan ƙasa ya amsa sau ɗaya don a rabu lafiya. Direban bas ya ce shi ruwa bai ishe shi ba, famfonsa tun safe tari yake yi. Kawu ya sayo usur, ya ce ba za a ƙara kunna inji a ɓoye kamar ɓarayi ba, sai ya busa kowa ya fito ya shaida. Busa ta farko jaririn Direba ya farka, busa ta biyu karen maƙwabtan bayan katanga ya ɗauka, daga ranar kullum tare suke sanarwa, shi da karen.

Ana saura kwana kaɗan, ya ga har yanzu mutane ba su ɗauki abin da zafi ba. Ya zauna ya yi nazari, ya gano dalili: ba su san ƙishi ba. Mutumin da bai taɓa buɗe famfo ya ji iska ba, ina zai gane fim irin wannan? Washegari da safe bai kunna inji ba. Ya ɗauko kujera ya zauna a bakin ƙofar ƙarfen, ya harɗe ƙafa.

Tela ne ya fara fitowa, ɗaure da tawul, kumfar sabulu ta rufe masa kai da ido ɗaya.

"Mai Fenti, injin ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Atisaye muke yi."

"Atisayen me?"

"Na ƙishirwa. Yadda ka ji yanzu, haka mutanen littafin ke ji kullum. Ranar Asabar za ka gode mini."

"Mutanen littafin da sabulu a ido suke yawo?"

Matar Direba ta sauko da baho cike da tsumman jariri, ta ajiye shi dab da ƙafar Kawu ta koma gefe ta naɗe hannu. Kawu ya yi ƙoƙarin ci gaba da bayani yana numfashi ta baki. Ana haka Nas ta shigo daga aiki, jaka a kafaɗa, ta tsaya ta dubi Tela, ta dubi bahon, ta dubi Kawu.

"Baba Mai Fenti, an ce kai ne za ka yi shigar Mai Mabuɗi?"

"Ba shiga zan yi ba, Malama Nas. Ni ne shi."

"Ni ma na karanta su, a wurin aiki in marasa lafiya sun yi barci. Ka tabbata shi kake so ka zama?"

"Akwai wanda ya fi shi a littafin ne?"

"Har ƙarshe ka kai?"

"Har bangon baya. Har sunan maɗaba'a."

Gefen bakin Nas ya motsa. "To ai shi ke nan. Ni ma a saya mini tikiti, kusa da kai nake so in zauna."

Kawu ya ji daɗi har ya tashi ya kunna injin, ya tafi yana gaya wa matarsa abokiyar takara ta miƙa wuya.

Ranar Juma'a ya je wurin mai aski ya zauna ya nuna gemunsa, gemun da ya yi shekaru yana shafa wa mai yana tajewa. Ya ce a aske ɓangaren hagu tas, a bar na dama.

Mai aski ya ajiye aska. "Maigida, an yi maka wani laifi ne a gida?"

"Kai dai yi abin da aka sa ka."

"Ko alkawari ka ɗauka? Don in faɗuwa ka yi a caca, akwai hanyar da ta fi wannan rufin asiri."

"Ka taɓa karanta littafi a rayuwarka?"

"A'a, amma ban taɓa ganin littafin da ya ci wa mutum rabin fuska ba."

Ya aske. Da ya gama ya miƙo madubi ya ce kuɗin rabin aiki zai karɓa, da sharaɗin in an tambayi Kawu wa ya yi masa, ya ce shi ya yi wa kansa.

Saura riga. Ya zagaye kasuwa bai sami ruwan tokar da ta yi masa ba, ya dawo gida ya ɗaga kai ya ga labulen falo. Matarsa ta tafi unguwa. Kafin ta dawo labule na hannun Tela. Tela kuwa bai manta da sabulun ido ba, ya ɗinka rigar yadda aka ce, doguwa har ƙasa, amma ya bar ƙarafan rataye labulen a jere a gindinta, ya ce ai ado ne, in ya cire yadin zai zare. Kawu na tafiya rigar na kacau-kacau.

Matarsa ta shigo ta tarar rana ta cika falo, mutanen benen da ke fuskantarsu suna kallon mijinta ta taga yana gwada tafiyar dattaku da rabin gemu.

"Ina labulena?"

"Ya shiga tarihi."

"In ya fito daga tarihin, ka ce masa taga na jira."

Asabar da safe ya zo kan hannu. Matarsa ta ce ya shafa shuɗin wanki, in an dawo ya wanke. Kawu ya yi dariyar masana. Shi za a koya wa kala? Shuɗin wanki na 'yan koyo ne, gumi kaɗan ya zube. Rantsuwar Mai Mabuɗi ba ta wankuwa, don haka fentin mai zai sa, wanda ake shafa wa ƙofar gareji. Ya tsoma hannun dama cikin gwangwani har wuyan hannu, ya ɗaga shi sama yana jira ya bushe.

Fentin mai kuwa ba ya bushewa don mutum na sauri. Waya ta yi ƙara, ya ɗauka. Ƙishi ya kama shi, ya buɗe firji. Ƙuda ya sauka masa a kumatun da aka aske, ya kai masa mari. Da ya fito, ƙarfen matakala ya samu rabonsa tun daga sama har ƙasa, duk wanda ya biyo bayansa ya dafa ya sauko da shaida a tafin hannu. Direba ya miƙo hannu su gaisa, ya ga abin da ke tafe, ya janye, amma Kawu ya riga ya dafa masa kafaɗa a kan farar riga.

"Mai Fenti, ka san rigar nan yau na fara sa ta?"

"Albarka ce. A littafi duk wanda Mai Mabuɗi ya dafa, ba ya mutuwa da ƙishi."

"Da haushi fa?"

Aka shimfiɗa masa jarida a kujerar gaba ta bas ɗin Direba, aka ce ya riƙe hannun waje ta taga. Haka bas ɗin ya ratsa gari, cike da 'yan haya, shuɗin hannu na leƙe, masu babur na ɗauka alamar kwana ce suna kaucewa. Mabuɗin ɗakin inji kuwa ya zura masa igiya ya rataya a wuya, a kan rigar labule, inda kowa zai gani.

Harabar silima cike take da samari da 'yan mata, da yawa sun yi shiga, wasu da kwanuka a ka, wasu da lema a tsage. Ba ko mutum ɗaya da ya yi shigar Mai Mabuɗi. Kawu ya lura, ya juyo ya gaya wa maƙwabta, "Kun gani? Ba mai ƙarfin halin ɗaukar girman."

Yana saukowa kacau-kacau, aka kwashe da shewa da tafi. Wani saurayi mai kwano a ka ya matso.

"Baba, gaskiya kana da zuciya. Ni ko biyana za a yi ba zan shigo nan a haka ba."

"Sai an manyanta, yaro."

"Don Allah mu ɗauki hoto. In riƙe maka wuyan riga?"

Kawu ya ɗauka wata girmamawa ce ta 'yan zamani. Saurayin ya cakumi wuyan rigar ya ɗaga dunƙulen hannu, abokansa suka kewaye suna nuna Kawu da yatsa suna ɓata fuska, aka ɗauka. Wasu suka zo, su ma haka. Wata yarinya ta ce ya durƙusa ta ɗora masa kwano a ka. Ya ƙi durƙuson amma ya karɓi kwanon. Matarsa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, Nas kuwa ta sayi gugguru babban kofi.

Aka shiga, aka kashe fitilu. Tun kafin a gama rubutun farko Kawu ya fara aiki. "Wannan garin ne. Waccan hukumar ce. Wannan yarinyar za a kama ubanta yanzu, ku duba." Na baya suka ce a yi shiru. Ya ce taimakonsu yake yi. Ma'aikacin silima ya hasko shi da tocila, ya ga rabin gemu da tambarin yatsu shuɗi a kumatu, ya kashe tocilar ya koma inda ya fito.

Da Mai Mabuɗi ya bayyana a allo, yana raba wa tsofaffi ruwa da ludayi, Kawu ya kasa zama. Ya miƙe tsaye, inuwarsa ta rufe rabin rijiyar, ya ɗaga mabuɗin wuyansa ya juyo ga layin maƙwabta.

"Ku dube shi da kyau. Tela, ka gani? Direba, ka gani? Duk abin da mutumin nan ya yi wa mutanensa, shi zan yi muku. Ban rage ko ɗaya ba. Ku zama shaida."

"Mun shaida," in ji Nas, tana tauna gugguru.

"Baba, zauna mana," in ji wani daga baya. "Za ka gaji da tsayuwa anjima."

Fim ya yi nisa, ya wuce na ɗaya, ya wuce na biyu, Kawu na riga 'yan wasa faɗin maganarsu. Aka zo inda na uku ya ƙare, Mai Mabuɗi tsaye a bakin rijiya yana rantsuwa. Kawu ya share hawaye da hannun dama, ya ƙara wa fuskarsa kala, ya fara laluben takalmi don a tashi. Sai ya ga fim bai ƙare ba. Daga nan bakinsa ya mutu.

Tela ya zunguro shi. "Yanzu me zai faru?"

"Ka zuba ido. Ba na son in ɓata maka."

A allo, Mai Mabuɗi ya waiga hagu da dama, ya ɗaga wani murfi a bayan rijiyar, ya sauka wani rami. A ƙasa ga bututu ƙato, ya murɗa shi, ruwan unguwar talakawa ya kama hanya zuwa lambun shugaban hukuma. Can sai ga shugaban da kansa ya fito daga duhu, suka rungumi juna. Mai Mabuɗi ya shiga lissafa masa gidajen da ke tara ruwan sama a ɓoye, har da gidan yarinyar da aka kama ubanta. Ashe tun littafi na ɗaya shi ne. Da ya gama, ya tsoma hannun cikin bokiti, shuɗin ya wanke tas.

Silima ya ɗauki ihu, ana tsine wa dattijon allo. Layin 'yan haya kuwa ba wanda ya kalli allo. Kawuna suka juyo ɗaya bayan ɗaya.

Direba ya ce, "Duk abin da ya yi, ko?"

Matar Direba ta ce, "Bai rage ko ɗaya ba, ya ce."

Tela ya ce, "Ranar atisaye, Mai Fenti, lambun wa ka ba ruwanmu?"

Kawu ya miƙe, ƙarafan labule suka yi ƙara. "Ƙarya ne. Sun ɓata littafin. Masu fim haka suke, ba sa tsoron Allah. Babu wannan a littafi, ni na karanta."

"Akwai," in ji murya daga baya.

"Na huɗu, tsakiya," in ji wata.

"Bayan dogon bayanin bututun nan," in ji Nas, ba ta ko ɗaga murya ba. "Bututun da ya murɗa yanzu, shi ake bayani."

"Na huɗun da na karanta ba haka yake ba. Wataƙila bugu biyu ne."

Sai matarsa ta sauke mayafi. "Bugu ɗaya ne, Baban yara. Yana ƙarƙashin firji, shi ke riƙe da ƙafar hagu."

Layin da ke kusa suka fara dariya, suka miƙa wa na bayansu, maganar firji ta bi silima kujera kujera har ta kai sama. Saurayin nan mai kwano ya miƙe ya haska Kawu da waya, wasu suka biyo, har ya fi allon haske. A allo mutanen unguwa sun gano dattijon sun biyo shi da gudu, a cikin silima aka fara kiran "Ga shi nan, ga shi nan a layin tsakiya," ana tafi. Kawu ya tattare riga ya nufi ƙofa yana taka ƙafafun mutane. Ƙarfen labule ɗaya ya maƙale a hannun kujera, ya ja, rigar ta tsage daga gindi har ƙugu, ya bar rabinta a nan. Ya tura ƙofar fita, ya bar musu yatsu biyar shuɗi a jiki, ya tare babur. Bai ce a kai shi gida ba. Nan ya ce a kawo shi.

Na buɗe ƙofa na ga abin da ya tsaya mini, na ce wa ya mutu. Ya ce, "Yaya, marubucin nan ya ci amanata." Na ce shiga ciki kafin maƙwabtana su fito. Kananzir ɗina duk ya ƙare a hannun nan kafin ya sami fatar da ruwan alwala zai taɓa, har yanzu farcen shuɗi ne. Gemun kuwa ya hana a taɓa, wai in ya aske sauran ya amsa laifi, in ya bari ya zama wancan.

To ga inda maganar take. Mabuɗin ɗakin inji yana wuyansa, da shi ya gudo. Tun ranar Asabar ba a kunna injin ba, tanki ya ƙafe, mutanen bene na jidon ruwa da bokiti daga gidan mai karen nan. Mai benen ya ce duk wanda ya fasa masa ƙofar ƙarfe ya tattara kayansa. Na ce wa kawunku ya ba ni in aika musu, ya ce ƙa'ida ta hana, ba a miƙa mabuɗi sai a gaban taro, shi kuma mutum ne mai riƙon ƙa'ida. Na ce to tashi ka je taron. Ya ce ba zai taka matakalar nan ba sai gemu ya daidaita, kuma wai har yanzu bai janye takara ba. Na ce dattijon fim da aka tsine wa, shi aƙalla lambu ya ba ruwan, kai wa ka ba? Ya ja tawul ya rufe fuska.

Matarsa ta ce ba za ta zo biko ba sai ya zo mata da labule. Ɗazu kuma Nas ta bugo mini, cikin ladabi, ta ce tunda ƙa'ida ta ce sai a gaban taro, kuma mai mabuɗi ba zai zo ba, gobe da hantsi Direba zai kwaso taron gaba ɗaya zuwa falona, kowa da bokitinsa da wankinsa, matar Direba da bahonta.

Ni na tsufa da kokawa da ƙato a kan igiyar wuya, kuma famfona ba zai ɗauki bene guda ba. Ku kuka yi makaranta. Ko ku ciro mabuɗin ku bar mini kawun, ko ku ɗauke su tare ku mayar inda suka fito, ku zaɓa ku gaya mini kafin la'asar. Babba, kai ne babba, tashi ka fara ɗaga tawul ɗin.